Amsa ga 'yata kan maganin barin shaye-shaye

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaye ni ko a gargajiyance muna da saiwa ko sassaƙen da ke raba mutum da shaye-shaye, tunda ƙaninki ya faɗa wa tiramol da kodin, har an kwatanta miki wani mai magani a kasuwa. Allah Ya yi miki albarka da ba ki yar da ƙanin naki ba.

Bari in faɗa miki abin da na gani da idona. Muna yara, wani ƙanen kakanku ya kamu da burkutu. Mahaifiyarsa takan jiƙa sassaƙen maɗaci a kasko ya kwana, da asuba ta tace a ƙoƙo, ta tsaya a kansa yana yatsine fuska har ya shanye. In cikinsa ya ɗaure, sai tsamiya ko filasko. Ganyen sabara kuma a dafa masa, ya sha, ya yi surace. A hankali ya murmure, ya koma cin tuwo. Amma fa duk tsawon lokacin nan ba a taɓa barin sa shi kaɗai ba: gona da yayyensa, masallaci da su, kwana a zaure a tsakiyarsu. Ni har gobe ina ganin itatuwan jikinsa suka gyara, mutanen gida ne suka raba shi da ƙwaryar giya.

To, ƙwayoyin nan iyayenmu ba su san su ba. Kodin ɗin ma sai a 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi. Mai tiramol in ya yanke lokaci guda, zufa ce, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci. Likita ne ya san yadda ake sauko da shi sannu-sannu. Duk wanda ya ce a barbaɗa gari a kunu a ɓoye, yaro ya yi amai ya warke, kada ki saya. Ki kuma kiyayi duk haɗin da aka sa zaƙami, ba banza ake ce masa haukata-yaro ba.

Maganar gidan mari kuwa, kada ma a tayar da ita. A 2019 mutum sama da 300 aka fitar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ƙanin naki, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano. In mahaifiyarku na son ba shi jiƙo, ta fara nuna wa likita, don wani itacen ba ya shiri da maganin asibiti. Ina tafe ranar Laraba in Allah Ya yarda, ni zan raka shi. Kafin nan, ki riƙa cin abincin dare tare da shi.