Tambaya da Amsa: Allurar da ke narkar da gudajin jini

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Sai washegari muka samu mota daga ƙauyenmu na wajen Gwaram zuwa Kano. An ce da mun zo da wuri, da an yi masa wata allurar inzayim. Mece ce ita, kuma za ta yi masa amfani yanzu?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Malam, ka ga yadda mata ke haɗa busasshen dankali a ƙullun kunun zaƙi, kauri ya tsinke, zaƙi ya fito? Ko a naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi? Aikin inzayim ke nan: sinadari ne da ke tsinka abu cikin hanzari, kuma kowane da abin da yake ci.

Abin da ka kwatanta alamun shanyewar ɓarin jiki ne, allurar da aka faɗa muku kuwa sunanta alteplase. Idan gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ita ke tayar da wani inzayim da ke kwance cikin jinin mutum, shi kuma ya tsittsinka zaren da ya ɗaure gudan, jini ya wuce. Tun 1996 aka amince da ita a Amurka don shanyewar ɓarin jiki. Tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba.

Ga inda zuciyata ke ƙuna: wa'adinta awa 4 da rabi ne daga fara ciwon. Cikin awannin nan kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wani ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe, galibi saboda hawan jini. Wannan in aka yi masa allurar, zubar jinin za ta ƙaru, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa ba abin nema a kemis ba ce.

Ga Baba dai lokacinta ya wuce, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunanta. Abin da zai taimake shi yanzu shi ne gashin ƙashi a kai a kai, shan maganin hawan jini ba fashi, rage gishiri, da juya shi a shimfiɗa duk awa 2 in ba ya iya motsawa, kada baya ya yi gyambo.

Ka kuma sanar da mutanen gari: baki ya karkace ko magana ta sarƙe, kada a ɗura wa mutum ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa. A duba agogo, a nemi mota nan take.