Guguwar da ba ta iso ba ma tana iya juya yanayin inda za ka

Ƙanena, ka ce a Satumba za ka fara karatu a Ingila, ka kuma ji ana cewa guguwar Amurka kan tsallako teku. Akwai ƙamshin gaskiya, amma bari in warware maka zare da abawa.

Mahaukaciyar guguwa tana rayuwa ne a kan ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa sama. Da ta doshi arewa ta hau ruwan sanyi sai idonta, wato tsakiyarta da iska ke kewayawa, ya watse, ta baje ta zama guguwa irin ta ƙasashen sanyi. A haka guguwar Ophelia ta faɗa wa ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, ranar 16 ga Oktoba 2017, mutum uku suka rasu, aka rufe makarantu.

Abin da ya fi yawan faruwa kuwa ido ba ya gani. A sama, kimanin kilomita 10, akwai wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, wani lokaci fiye da kilomita 200 a awa. Tafiyarsa irin ta maciji ce, kuma lanƙwasar nan ita ake kira raƙuman Rossby, da sunan masanin da ya bayyana su a 1939. Tururin da guguwa ke ɗagawa, idan ya zama ruwa, zafi yake saki. Iskar ɗumin nan ta fito ta saman guguwar ta tunkuɗe kogin zuwa arewa. Ka riƙe doguwar igiya ka kaɗa bakinta: hannunka yana wuri ɗaya, amma motsin ya kai can ƙarshe. To haka ƙarfin raƙuman ke tsere wa guguwar, cikin 'yan kwanaki ya haifar da wata lanƙwasa dubban kilomita a gabas. Guguwar Nuri ta yi wannan a Nuwamba 2014: ta wuce gabashin Japan, ta mamaye tekun Bering, kogin ya lanƙwashe, sanyin Aktik ya kwararo tsakiyar Amurka.

A nan hasashe ke tuntuɓe. Idan kwamfuta ta kuskure lokacin haɗuwar guguwa da kogin da 'yan awoyi, bayan kwana biyar inda aka ce ruwa sai a ga rana. Shi ya sa cibiyar hasashe ta Turai da ke garin Reading a Ingila take gudanar da hasashe ɗaya sau 51, kowanne da ɗan bambanci.

Zuwanka ya faɗa tsakiyar lokacin, don guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi ƙamari a Satumba. Don Allah, duk sadda ka ji wata ta juyo arewa, kada ka dogara da hasashen da ya wuce kwana uku. Ka riƙa duba gargaɗin Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, mai launin rawaya, ruwan goro ko ja, safe da yamma, kuma kada ka sa ranar saukarka ta zama ranar rajista, ka bar tazarar kwana biyu.