Amsa ga mai tambaya kan bishiyoyin oak da ke bushewa a unguwarsu a birnin Austin, jihar Texas ta Amurka

Malam, ka ce oak biyu a layinku sun zubar da ganye, jijiyoyin ganyen sun koma ruwan ƙasa amma gefen yana kore. Wannan alamar ciwon bushewar oak ce, wanda naman gwari mai suna Bretziella fagacearum ke haddasawa. Yana toshe hanyoyin ruwa a cikin itacen.

Ta hanya biyu yake yaɗuwa: ƙananan ƙwari masu bin ruwan sabon rauni, da saiwoyin da suka haɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ta saiwa ta fi ɓarna, shi ya sa ba aikin gida ɗaya ba ne, sai kun haɗa kai da maƙwabta.

Saboda ƙwarin nan, a Texas kada a yanke rassan oak daga Fabrairu zuwa ƙarshen Yuni. Duk reshen da aka yanke, ko da wane wata ne, a shafa fenti a raunin da ya bari jikin bishiyar nan take, ba gobe ba. Don tsayar da yaɗuwa ana haƙa rami mai zurfin aƙalla ƙafa 4, nisan ƙafa 100 daga bishiyar da ta kamu, a datse saiwoyin. Bishiyoyi masu lafiya na kusa kuma ƙwararre ya yi musu allurar propiconazole, wani maganin naman gwari, a gindi. Kariya ce, ba ta hana ciwon bi ta saiwa.

Nau'in da ake kira jan oak, idan ya mutu, a ƙone shi ko a binne. Kada wani ya kwashe shi ya yi itacen girki.