Na fesa ruwan wanke kafireta a ɗaki, jiri ya ɗebe ni: madara ta isa magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Usta. Ina haya da babur a Gadarif. Tun da muka koma sayen fetur na jarka, kafiretata ba ta sati biyu ba ta toshe ba, shi ne na sayi gwangwanin feshin nan ina wankewa da kaina. Shekaranjiya saboda ƙura na shiga ɗaki na ja ƙofa na yi aikin. Kafin in gama jiri ya ɗebe ni, kaina kamar zai tsage, feshin kuma ya dawo mini a ido. Tsohon maigidana ya ce in sha madara kofi biyu za ta wanke gubar. Na sha, amma har yanzu gabana faɗuwa yake. Na lalata huhuna ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka tukuna. In jirin da ciwon kan sun lafa bayan ka fita ka sha iska, galibi jiki ya riga ya fitar da abin. Amma in kana tari, ko numfashi na yi maka wuya, ko kana gani dishi-dishi, ko idon bai daina ja da zafi ba, asibiti yau, ka tafi da gwangwanin likita ya karanta. Ido kuwa, da feshi ya taɓa shi, ruwa mai tsabta ake ta kwarara masa minti 15 cur, ba a murzawa.

Abin da ka shaƙa haɗin su asiton ne da toluwin da metanol, gwargwadon kamfani. Metanol jijiyar gani yake kamawa. Wasu ruwan wankin, musamman waɗanda ake tsoma kafireta a ciki, suna ɗauke da metilin kuloraid, wanda jiki ke mayarwa irin iskar nan mai kisa ta hayaƙin janareto. Amurka ta haramta yawancin amfani da shi a 2024.

To, mu zo kan madarar, don ita ce ta fi cin raina. Na gaji da jin wannan magana a warsha. Mai fenti ya sha madara, mai walda ya sha madara, yaron gareji ya zuƙi fetur da tiyo a ce a kawo masa madara. Wa ya koya mana? Tururi ta hanci yake shiga, ya sauka huhu, nan da nan ya bi jini ya hau ƙwaƙwalwa, shi ne jirin da ka ji. Madara kuwa maƙogwaro take bi ta faɗa tumbi. A ina za su gamu? Kai da kake hawan babur, in iyakilina, wato matacin iska, ta cika da ƙura, ka taɓa zuba sabon mai a inji ka ce ta wanku?

Illarta ba a kofin take ba, a zuciyar mai sha take. Mutum ya yini a rufaffen shago yana shaƙa, da yamma ya kora da madara, ya kwanta da yaƙinin ya biya bashi. Akwai wani mai fenti da muka yi maƙwabtaka da shi a Kasala, kullum bayan la'asar sai ya aiki yaro nono, yana yi mana dariya wai mu ne ba mu san sirrin sana'a ba. Ganina da shi na ƙarshe, kofin shayi ma sai da hannu biyu yake riƙewa saboda kyarma, sunan yaransa sai ya yi ta lalube. Toluwin haka yake cin mutum, a hankali, shekara bayan shekara.

Mafi muni kuma, in wani ya haɗiye ruwan feshin ko fetur, sai a ɗura masa madara ko man riɗi, a sa masa yatsa a wuya wai ya amayar. Kada ka bari a yi wannan a gabanka! Aman ne ke tura ruwan cikin huhu ya ƙone shi. A kuskure masa baki, a nufi asibiti.

Aikin kansa ba wuya. Bari inji ya huce, ka kwance kafireta, ka fita da ita waje ƙarƙashin inuwa, iska na bugun bayanka. In habub, guguwar ƙurar nan, ya taso, jira ya wuce; babur ba ya mutuwa don ya kwana. Ka dubi ƙasa kafin ka fesa, domin tururin ya fi iska nauyi, rarrafe yake yi, yana iya kaiwa ga murhun gawayin mai shayi alhali kai ba ka ga komai ba. Sigari da walda ba sai na faɗa ba. Cire duk wata roba da fuloti, wato abin nan mai yawo a kan fetur a cikin kafireta, ka ajiye gefe, feshin yana kumbura su. Tabarau kuma dole ne: ramukan kafireta a haɗe suke ta ciki, ka fesa ta ƙaramin jet, wato bututun da fetur ke bi, ya ɓullo ta wani rami daidai fuskarka, abin da ya same ka ke nan. Kada ka busa jet da baki, kada ka soka masa allura, tagulla ce, da ramin ya buɗe babur ya fara shan mai. Hannunka kuwa, da sabulu za ka wanke shi, ba da feshin ba.

Gwangwanin ma a rubuce yake a jikinsa kada ya wuce zafin digiri 50. Ƙarƙashin kujerar babur a zafin ranar Afrilu a Gadarif ba wurin ajiyarsa ba ne.

Toshewar sati biyu-biyun nan kuwa, laifin jarka ne. Sa ƙaramin matacin mai tsakanin tanki da kafireta, ka riƙa tace fetur da kyalle mai tsabta kafin ka zuba, ka wanke tankin sau ɗaya ka ga abin da zai fito.