Lambar shasin motata ta saɓa da ta takarda, in tura ta gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin kula da tsofaffi gida-gida a Birmingham, aikin da ba ya yiwuwa sai da mota. Mako uku da suka wuce wani ɗan garinmu da muke sallah a masallaci ɗaya ya haɗa ni da mai sayar da Toyota Auris ta hannu, na tura masa fam 4,200 ta banki. Da na kai ta gareji a duba birki, sai bakaniken ya ce lambar da aka buga a ƙarfen ƙasan kujera ba ita ce a takardar rajistar motar, wato V5C, da aka ba ni ba. Mai sayarwar ya daina ɗaga waya. Abokaina na cewa ko in sayar da ita shiru, ko in sa ta a jirgi zuwa gida, wai can ba mai dubawa. Ina tsoron zuwa wurin 'yan sanda saboda bizata, kuma ba na son in jefa ɗan garinmu cikin matsala."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Na san fam 4,200 ba ƙaramin gumi ba ne ga mai tashi da asuba yana bin gidajen tsofaffi, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba. Shawarar abokan nan naka guda biyu, kada ka ɗauki ko ɗaya. Ka ajiye motar tukuna, ka daina hawanta har sai an san gaskiyarta.

Kafin hankalinka ya gama tashi, ka ɗauki fitila da takardar ka fita wurin motar. Lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa ne da lambobi 17, kuma ba wuri ɗaya take ba. Akwai ta a kusurwar gilashin gaba daga ƙasa, ana hango ta daga waje. Akwai ta a ɗan allo ko manne da ke jikin ginshiƙin ƙofa. Sai wadda aka buga a ƙarfen motar kanta, wadda bakanike ya nuna maka. Ta huɗu tana cikin kwamfutar motar, bakanike zai jona na'urarsa a ƙasan sitiyari ya karanto maka ita cikin 'yan mintoci. Ka rubuta duka huɗun a takarda, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ta V5C ta zama ta biyar, ka bi su harafi-harafi da yatsa.

Idan huɗun da ke jikin motar duk sun zo ɗaya, ta takardar ce kawai ta bambanta da harafi ɗaya ko biyu, to da sauƙi. Yawanci kuskuren mai rubutu ne: an ɗauki 5 a matsayin S, ko 8 a matsayin B, ko an juya lambobi biyu. Lambar shasi ba ta ɗauke da haruffan I da O da Q sam, don haka in ka ga ɗayansu a takardar, ka san hannu ne ya goce. Gyaran wannan yana wurin DVLA, hukumar rajistar motoci da ke Swansea. Za ka aika musu takardar da bayani da hotunan lambar, tare da shaida a rubuce daga gareji ko daga dilan Toyota a kan takarda mai tambarinsu, kuma suna iya cewa sai an duba motar ido da ido. Haka ma idan lambar inji ce ta saɓa, sau da yawa injin aka taɓa canzawa ba a sanar ba, rasit ko wasiƙar gareji na warware shi.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne ɗaya yanayin, wato lambar gilashi da ta ƙofa su dace da takarda, amma ta ƙarfe ko ta kwamfuta ta zama wata daban gaba ɗaya. Wannan ita ce alamar motar sata da aka sa wa rigar wata. Ɓarayin kan nemo mota mai lafiyayyun takardu, iri ɗaya, launi ɗaya, su kwafi lambar rajistarta su liƙa wa ta satar, su manna sabuwar lambar shasi a gilashi da ƙofa, su haɗa da takardar jabu. Manne ba ya wuyar canzawa, ƙarfe ne ke ba su wahala. Ka shafa wurin da aka buga lambar: in ka ji kaushin walda, ko ka ga fenti sabo a wurin kaɗai, ko haruffan ba su jeru daidai ba, an taɓa shi. Abin takaici, ko da ka biya an yi maka binciken tarihin mota, wanda ake kira HPI, da lambar mota kafin ka saya, zai iya fitowa fes, domin tarihin waccan motar ta halal aka karanto maka.

Ka ɗaga takardar V5C ɗin zuwa haske, ya kamata ka ga alamar DVL a cikin jikin takardar. Ka duba lambar jerinta kuma. An taɓa sace fararen takardun hukumar masu yawa, kuma gwamnati na gargaɗi a kan masu lamba daga BG8229501 zuwa BG9999030, da daga BI2305501 zuwa BI2800000. Wani abu ya tsaya mini a wasiƙarka: ka ce an ba ka takardar. A ƙa'ida mai sayarwa shi ke sanar da DVLA, ya yago maka ɗan koren ɓangaren sabon mai riƙo, daga baya sabuwar V5C ta zo maka ta gidan waya da sunanka. Wanda ya miƙa maka takardar ɗungurungum ya tafi, bai bi hanya ba. Sannan ka shiga shafin gwamnati na tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta ne, ka gwada yawan mil ɗin da aka rubuta a gwajin ƙarshe da abin da mitar motarka ke nunawa.

In alamu sun nuna ta sata ce, doka a Ingila ba ta da daɗi a nan, gara ka ji daga bakina. Wanda ya sayi kayan sata, ko da zuciya ɗaya ya saya, kayan ba su zama nasa ba. Motar ta mai ita ce ta asali, ko ta kamfanin inshorar da ya biya shi, kuma 'yan sanda za su karɓe ta. Ita kanta V5C an rubuta a jikinta cewa ba shaidar mallaka ba ce.

Amma dubi bambancin da ke tsakanin matsayinka na yau da wanda abokanka ke son kai ka. Yau kai wanda aka cuta ne. Laifin mu'amala da kayan sata a dokar 1968 yana hawa kan wanda ya sani ko ya gaskata cewa na sata ne, kuma hukuncinsa na iya kai wa shekara 14. Lokacin da ka saya ba ka sani ba. Yanzu kuwa bakanike ya nuna maka, kuma zai iya faɗin ranar da ya nuna maka. In ka sayar shiru daga yau, ka ɗora wa wani bawan Allah asarar da kake kuka da ita, ka kuma buɗe wa kanka ƙofar tuhumar zamba. Kai rahoto a matsayin wanda aka damfara ba laifi ba ne, ba ya ɓata biza. Hukuncin kotu shi ne ke bin mutum har ranar da zai nemi takardar zama ta dindindin ko zama ɗan ƙasa, domin a can ana tambayar tarihin laifi.

Batun turawa gida ma ba mafita ba ce. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokarta ta hana irin waɗannan motoci. Maganar "can ba mai dubawa" ta tsufa: tun 2022 kwastan ke amfani da lambar shasi wajen yanke kuɗin fito, kuma 'yan sandan duniya na da rumbun bayanan motocin sata. Sunanka ne zai kasance a takardar jirgi, sunan ƙaninka ko mahaifinka a matsayin mai karɓa a tashar Legas. Kada ka aika musu da fitina.

Ka kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ka faɗi yadda aka yi, ka karɓi lambar rahoto. A ranar ka sanar da kamfanin inshorarka da DVLA. Ka kira bankinka ma ba tare da jinkiri ba. Da ka biya ta banki ka taimaki kanka, domin tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna mayar da kuɗin wanda aka damfara ya tura da hannunsa, har zuwa fam 85,000, muddin ya kai kuka cikin wata 13. Ba na yi maka alkawarin za su biya ba ne, su za su duba ko zamba ce ko saɓanin ciniki, amma lambar rahoton 'yan sanda na ƙarfafa maganarka. Ka adana tallar motar, saƙonnin waya, shaidar tura kuɗi da hotunan lambobin. In an gano mai sayarwar, dokar ciniki ta 1979 ta ɗora masa sharaɗin cewa yana da ikon sayar da abin da ya sayar, kuma kotun ƙananan ƙararraki na sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. Ofishin Citizens Advice, mai ba jama'a shawara, zai taya ka rubuta takardar neman kuɗinka kyauta.

Saura ɗan garinku. Na fahimci nauyin da kake ji, gobe za ku haɗu a sahu, iyayenku kuma wataƙila sun san juna. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka fara kiran 101, sannan ka same shi, ko kai kaɗai ko da wani dattijo na masallacin, ka gaya masa abin da aka gani da matakin da ka ɗauka. In shi ma yaudararsa aka yi, rahotonka kariya ce gare shi, kuma lambar waya ko adireshin da yake da shi na iya zama silar dawowar kuɗinka. Ka tambaye shi kuma ko ya haɗa wasu 'yan'uwa da mutumin nan, don su ma su je su duba ƙasan kujerunsu.

Wurin aiki, ka gaya wa mai tsara muku jadawali tun yau cewa motarka na hannun bincike, ka roƙi a haɗa ka da abokin aiki mai mota ko a ba ka gidajen da bas ke kaiwa na 'yan makonni. In ka gwada lambobin biyar ɗin, ka rubuto mini abin da ka gani.