Likita, maganar zucina ta ɗauke, kaina ya zama wayam

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne, shekarata 27, ina da shago a Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Batsari. Bara muka dawo birni bayan 'yan bindiga sun shigo mana cikin dare, suka kashe yayana a gaban idona. Da can ko ina kan keke zuciyata ba ta yin shiru: ina lissafin kuɗi, ina gardama da kaina, ina shirya abin da zan faɗa ma mai kaya idan ban gama mashi ɗinki ba. Yau kusan wata biyar ke nan wannan maganar zucin ta ɗauke ɗif. Kaina wayam. In aka tambaye ni abu sai in yi tsaye ina lalaben abin faɗa. Wani lokaci in kalli hannuna a kan keke in ji kamar ba nawa ba, gari kuma kamar a mafarki. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki, ko kuka ba ya zuwa. Barci ya ƙaurace mani, na rame. Innata ta ce iska ce, an yi ta yi mani ruƙiyya. Likita, haukacewa zan yi? Ko ƙwaƙwalwata ce ta lalace?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan yayanka da rahama, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Bari in fara da abin da ya fi tsaya maka a rai. Abin da ka bayyana ba alamar hauka ba ce, ba kuma alamar lalacewar ƙwaƙwalwa ba. Likita ba ya yanke hukunci a kan takarda sai ya ga mutum, amma wannan hali sananne ne a wurinmu, kuma ana warkewa daga gare shi. Dubi saƙonka ma: ka jero labari daga Batsari zuwa Ƙofar Ƙaura, ka faɗi yadda kake da can da yadda kake yanzu, ka kawo tambaya a muhallinta. Ƙwaƙwalwar da ta daina tunani ba za ta iya wannan ba. Sannan ka san hannun nan naka ne, jinsa ne kawai ya sauya maka. Wanda hankalinsa ya gushe yakan gaskata abin da yake ji ɗari bisa ɗari, ya rantse a kai. Kai kuwa kana sane cewa wani abu ba daidai yake ba, har abin yana tsorata ka. A wurin likitan ƙwaƙwalwa wannan babban bambanci ne.

Maganar zuci daban, tunani daban, ko da yake mun saba haɗa su. Wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya lura da abin da kowace uwa ta sani: ƙaramin yaro in yana wasa shi kaɗai, surutu yake da kansa a fili, "wannan nan, wannan can". Da ya tasa sai surutun ya koma ciki, ya zama maganar zuci. Daga baya wani mai bincike a Amurka, Russell Hurlburt, ya riƙa ba mutane wata 'yar na'ura mai ƙara ba zato ba tsammani, in ta yi ƙara su rubuta abin da ke ransu a daidai lokacin. Sai ya tarar a tsakaitsaki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na lokutan ake samun magana a zuci. Wasu kusan kullum zuciyarsu na surutu, wasu kuwa da wuya ta ce uffan, kuma lafiyarsu ƙalau, suna kasuwanci, suna karantarwa. To amma kai ba haka aka halicce ka ba. Kana da ita ta ɗauke, kuma ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi da barci da cin abinci da jin daɗi. Shi ya sa naka ke buƙatar dubawa.

Abu biyu nake hange a labarinka, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

Na farko ciwon damuwa. Mutanenmu sun ɗauka mai ciwon damuwa shi ne wanda ke zaune yana hawaye. Akwai irin wannan, amma akwai wanda ciwon ke busar da shi, ya rasa ma hawayen. Ciwon yana rage saurin komai: tafiya, magana, tunani, yanke shawara. Shi ya sa za a tambaye ka kala nawa za a sa a wuyan riga ka tsaya kana kallon mai tambaya. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye a cikin rashin sha'awar komai, ga rashin barci, ga rama, ga kasa tattara hankali, to mun shiga batun ciwo, an wuce jimamin rashi na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke ɗauke da shi a duniya. Ba raunin imani ke kawo shi ba. Na ga limamai da mahaddata da shi.

Na biyu shi ne wanda ba a cika magana a kai ba, wato jin ka rabu da kanka ko da duniyar da ke kewaye da kai. Idan tashin hankali ya fi ƙarfin mutum, kuma ba halin gudu ba halin faɗa, ƙwaƙwalwa tana da dabarar kare kanta: sashenta na gaba, mai lura da tsari, sai ya danne sassan da ke haifar da tsoro da sauran motsin rai. Kamar fis ne na wutar lantarki, in wuta ta zo da ƙarfin da zai ƙona kaya sai ya yanke. A daren da aka shigo muku wannan yankewar ta yi maka amfani, ita ta sa ka iya tsayawa da ƙafarka, ka kwashi Inna da sauran iyali. Matsalar ita ce ba ta zaɓe. In ta danne tsoro, sai ta haɗa da daɗi, da kuka, da wannan muryar da kake hira da ita a ciki. A wasu kuma takan ƙi sakin mutum ko bayan hatsarin ya wuce da watanni. Kusan rabin mutane sun taɓa ɗanɗana irin wannan na ɗan lokaci, a wurin hatsarin mota ko rasuwar farat ɗaya ko bayan kwana biyu ba barci. Waɗanda abin ke zame musu ciwo mai daɗewa ba su wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Duk wanda ke aiki da mutanen da suka baro Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa ko Ƙanƙara ya san ba kai kaɗai ba ne. Sai dai yawancinsu ba su zo da wannan bayani ba, ciwon kai da faɗuwar gaba da "jikina ba daɗi" suke kawowa, a ba su maganin maleriya da taifod su koma gida.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi riƙewa. Na tabbata tun da abin nan ya fara, da ka farka da asuba abin da kake fara yi shi ne leƙa zuciyarka: ta dawo ko ba ta dawo ba? Sai ka ji shiru, sai gabanka ya faɗi. Faɗuwar gaban nan ita ce ke sake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu akwai hatsari, ita kuma sai ta ƙara dannewa. Haka abin ke ciyar da kansa. Maganar zuci ba ta zuwa in an tsare ta ana jira. Takan zo ne lokacin da hankali ya tafi kan wani abu na waje, aiki ko hira ko ma jin haushin wani. Marasa lafiyar da suka warke kusan duk abu ɗaya suke faɗa, cewa ba su san ranar da ta dawo ba, sai dai suka tsinci kansu suna mitar tsadar zare a zuci. Saboda haka in ka kama kanka kana leƙen, kada ka yi wa kanka faɗa, ka ce "na san wannan, ba zai cutar da ni ba", ka koma kan abin da hannunka ke yi.

Kafin a ɗora komai a kan damuwa, dole a duba jiki. Ƙarancin jini, raunin aikin halittar nan ta wuya da ake kira tayirod (wadda kumburinta ne maƙoƙo), ƙarancin sinadarin bitamin B12, hawa ko saukar sukari, da wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum sai dai ya ɗauke masa hankali na 'yan daƙiƙu, duk suna iya kawo irin wannan wayam ɗin. Akwai kuma tambayar da likita zai yi maka, gara ka ji ta daga bakina tukuna: kana shan wani abu? Na san yadda teloli ke kwana a kan keke in salla ta matso, na kuma san abin da wasu ke sha don ido ya bushe. Tiramadol, maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018 amma bai ɓace ba, ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, da uwa uba wiwi, duk suna jawo wannan hali ko su ƙara shi. Wiwi kam sau ɗaya ma ya isa ya tayar da shi ga wanda jikinsa bai ɗauka ba. Ba zarginka nake ba. In akwai, ka faɗa wa likita gaskiya, kuma kada ka yanke tiramadol ko ƙwayar barci rana ɗaya da kanka, akwai yadda ake rage su.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In ka fara jin cewa mutuwa ta fi maka, ko tunanin illata kanka ya fara zuwa, ka faɗa wa wani na kusa da kai a ranar, ku tafi sashen gaggawa na asibiti. Haka in ka fara jin muryoyi daga waje suna yi maka magana, ko ka gaskata cewa wani ne ke zare maka tunani daga kai. In kuma magana ta sarƙe farat ɗaya, baki ya karkace, ko hannu da ƙafa suka saki, wannan batun shanyewar ɓarin jiki ne, minti ma yana da daraja.

Batun Inna. Kada ka yi gardama da ita, ɗa ta rasa, tana tsoron rasa na biyu, kuma abin da ta sani ta kawo. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti, ka ci gaba da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da iska, ko turara hayaƙi a ɗaki a rufe, ko ɗaure mutum, ko a ce ka bar maganin likita. Wanda ya ga abin da ka gani, in aka danne shi ana yi masa ihu a kunne, daren nan ake maido masa. Ka roƙe ta ta raka ka asibiti. In ta ji bayani da kunnenta za ta fi kowa tsaya maka a kan shan magani.

A Katsina kana iya farawa da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka fi sani da tsohon sunansa FMC, ka ce kana son ganin likitan ƙwaƙwalwa. In an ga buƙata ana iya tura ka Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Na san abin da mutane ke cewa in an ga mutum a layin wannan sashe. Yawancin waɗanda ke layin nan 'yan kasuwa ne da malamai da matan aure da za su karɓi magani su koma harkarsu. Tun Janairun 2023 ma, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, doka ta tanadi a kare sirri da mutuncin mai neman irin wannan magani.

Idan aka tabbatar da ciwon damuwa, mai yiwuwa a ba ka magani irin su fuloksetin ko satralin ko amitiriftilin. Ba sa aiki kamar farasitamol. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, wani ya kai shida, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, don kada ciwon ya dawo. A nan mutanenmu ke faɗuwa: kwana goma ba su ga komai ba sai su watsar. Ka kuma sani cewa a wasu mutane irin waɗannan magunguna kan ƙara dusashe motsin rai. In ka ji haka ka koma a rage ko a sauya, kada ka yi shiru. Shi kuwa jin rabuwa da kai ba shi da wata ƙwaya tasa ta musamman. Yakan sassauta in damuwa da tsoro sun sauka, kuma abin da ya fi yi masa aiki shi ne zama da masanin halayya, a bi abin da ya faru a daren nan sannu a hankali, gwargwadon abin da za ka iya ɗauka.

Kafin nan, ga abin da za ka iya farawa yau. Tun da maganar ciki daga waje ta samo asali, mayar da ita waje: in kana yanka yadi, faɗi awon a fili, "kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da huɗu". Karatunka na safe ka ɗaga murya yadda kunnenka zai ji. Da dare rubuta layi uku na abin da ya faru a yini, ko da "na ci tuwo, na ɗinka wando biyu" ne. In jin mafarkin nan ya taso, wanke fuska da ruwan randa, taka ƙasa ba takalmi, ka ambaci sunan abu biyar da idonka ke gani a shagon. Rage shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari bayan la'asar, ka daina kwana a shago, ka ajiye waya in ka kwanta, musamman bidiyon hare-haren da ake turawa a WhatsApp. Kada ka bar zaman majalisa ko da ba ka da abin cewa, zama cikin mutane kansa magani ne.

Yawanci barci ne ke fara gyaruwa, sai cin abinci, sai ƙarfin jiki. Motsin rai yakan zo daga baya, kuma ba mamaki kuka ne zai fara zuwa, kukan yayanka da ba ka samu ka yi ba. In ya zo kada ka ɗauka ciwon ne ya ƙaru, kada kuma a hana ka. Ranar da za ka asibiti ka tafi da wannan saƙon da ka aiko mini a wayarka, ka miƙa wa likita ya karanta, tun da ka ce magana na ƙwace maka in an tambaye ka. Ka haɗa da duk wani magani da kake sha, na kemis da na gargajiya, a cikin kwalinsa ko ƙullinsa.