Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa kayan sauraron waƙa a falo

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da amfilifaya da sipika biyu masu kyau, kana tambaya ko ka sayi na'urar jawo waƙa daga intanet mai tsada, ko ka haɗa saba wadda za ta adana waƙoƙinka a gida. Na daɗe ina wannan harka a nan Kubwa, kuma sai da na yi asara kafin na gane bakin zaren.

Fara da wuta tukuna. Sabata ta farko 'yar ƙaramar kwamfutar nan ce, Raspberry Pi, da manhajar Volumio a kan katin ajiya. Sau biyu ana ɗauke wuta ba zato, katin ya lalace, na kwana ina sake ɗora komai. Tun da na jona ta da ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ban sake ganin haka ba, domin bolt 5 kawai take buƙata, ba ta cin wuta. Sannan in za ka sayi kayan sauti na hannu, ka juya bayansa ka karanta. Kayan da aka yi don Amurka yawanci na bolt 120 ne, mu kuma wutarmu 230 ce. A gabana wani abokina ya jona irin wannan amfilifaya, muka ji "tas", ƙaurin ƙonewa ya cika falon.

Sai data. Waƙa a 320 kbps, wato ma'aunin datar da take ja a kowace daƙiƙa, tana cin kusan MB 144 a awa ɗaya. Ingancin faifan CD kuwa 1,411 kbps ne, ko an matse shi ya koma FLAC, wanda ba ya zubar da komai na sautin, ya ninka wancan har da ƙari. Ka lissafa awa uku kullum har wata ya ƙare. Shi ya sa abin da nake ji kullum yana kan faifan ajiyata, Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, da Boomplay da Audiomack kuma na bar su don neman sababbi.

Amma gaskiya ba data ce ta sa na riƙe saba ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar kwali guda na kaset: kiɗan kalangu, kuntigi, waƙoƙin biki da aka ɗauka da rakoda, har da tafsirin azumi. Na bincika manhajojin nan, mafi yawansu babu su. Ɗaya bayan ɗaya na juye su cikin kwamfuta da manhajar Audacity, na rubuta wa kowanne suna. Ranar da na kunna wa Hajiya wani daga ciki, ta yi shiru, can ta ce ranar sunan yayata aka ɗauke shi. Yanzu kwafi biyu gare ni, ɗaya a gida, ɗaya a wurin ƙanena, don faifan ajiya ba ya sallama in zai mutu. In kana da irin wannan gado, tsohuwar kwamfuta da manhajar saba irin Jellyfin ko Navidrome, duk kyauta ne, ta ishe ka.

Ita na'urar jawowar, a ganina kada ka zuba mata kuɗi da yawa. Irin su WiiM suna yin aikin. Abin dubawa shi ne tana da Spotify Connect ko AirPlay, hanyoyin kunna mata waƙa daga waya ta Wi-Fi. Da Spotify Connect wayarka ta zama rimot kawai, ko an kira ka waƙa ba ta tsayawa. Bluetooth kuwa matse sautin yake yi, kuma kana shiga kicin ya fara yankewa. In da hali, ja mata wayar intanet daga rauta, don bangon bulo da rufin kankare suna kashe ƙarfin Wi-Fi.

Idan ka je kasuwar Banex a Wuse 2, Abuja, tafi da waƙar da kunnenka ya saba da ita, a gwada maka kafin ka biya. Ka turo hoton bayan amfilifayarka mu gani. In tana da ramin shigar da sautin dijital, optical ko coaxial, akwai DAC a cikinta, wato abin da ke mayar da dijital ya zama sautin da sipika za ta fitar, ba sai ka sayi wani daban ba.